Sharar da Na Yi a Ƙasar Cadi

Kowace shekara, idan watan Cika-ciki ya kama, akan kawo mini sabuwar tsintsiya daga Babura. Jikokina sun daɗe suna tambayar dalili. Su ne kuma, idan rediyo ya kawo labarin 'yan ta'adda da jiragen ƙasashen waje masu ruwan wuta a garuruwan Musulmi, sukan juyo su ce, "Baffa, wai ina tushen wannan abu?" Tambayoyin nan biyu amsarsu a wuri ɗaya take. Saboda haka na zauna na rubuta labarin a tsare, domin wanda yake aiko da tsintsiyar ya riga ya baza nasa a kasuwar Babura, kuma nasa ya sha gishiri fiye da kima.

Sunana Sambo. Bafillace ne ni na ƙasar Roni. Mahaifina makiyayi ne da ya zauna ya kama noma, ya sa ni makarantar mishan bisa sharaɗin kada a taɓa mini salla, kuma ba a taɓa ba. A can na koyi abubuwa uku da ban rabu da su ba har yau: kiyaye lokaci, tafasa allura, da shara. Kada mai karatu ya raina na ukun. Kowane ɗalibi yana da fegin da zai share kafin a buga ƙararrawa, kuma kwashe datti kaɗai bai isa ba. Sai ka bar sawun tsintsiya a jere, layi bayan layi kamar kunyoyin gona, kana ja da baya don kada sawun ƙafarka ya ɓata aikin. Malami ya zo ya duba. In ya ga tsinke ɗaya, ka sake daga farko.

Daga nan na zama malamin dabbobi, ina yi wa shanu allurar bushiya, cutar da kan share garke kaf. Bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, tsararrakina suka nufi Kano da Ikko neman ofis mai fanka. Ni kuwa na ji ana neman masu allura da suka iya Fillanci a ƙasar Cadi, ana kuma neman direba. Direban da Allah ya haɗa ni da shi shi ne Bukar, Babarbare daga Babura, gajere, mai zane a fuska tun daga goshi har haɓa, mai bakin da ba ya hutawa.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne, a zagi juna a yi dariya, ba mai fushi. A watan Cika-ciki kuma akwai al'adar shara: wanda ya amsa shi ne bawa ya ɗauki tsintsiya ya share gaban ubangidansa, ubangida kuma dole ya biya lada. Da yake babu mai yarda ya amsa, yawanci a baki wasan yake ƙarewa. Ni ban taɓa shiga wannan wasa ba. A ganina ɓata lokaci ne, kuma na faɗa wa Bukar haka tun ranar farko.

Ya ce, "To madalla. Na taɓa mallakar bayi iri-iri, amma ban taɓa samun mai guga a wando ba."

Na ce, "Malam Bukar, sunana Malam Sambo."

"Na ji, bawana."

Ba zan ɓata takarda a kan sallama da gida ba. Zangonmu na farko da ya cancanci a ambata shi ne Fallomi, babban birnin ƙasar, bayan mun ƙetare kogi. A nan na gane cewa Turancin da na sha bulala a kansa ba zai saya mini ko ƙosai ba. Ofisoshi Faransanci suke ji, kasuwa Larabcin Shuwa. Bukar, wanda bai taɓa zama a aji ba, shi ya zama bakina. Aka ba mu mota, da akwatunan magani, da firji mai aiki da kananzir, domin maganin bushiya in ya ji zafi ya mutu. Wani mutum mai fara'a, sanye da kwat duk da zafin garin, ya tare mu a bakin kasuwa ya ce ɗan'uwansa yana da kananzir mai kyau, kuma saboda mu baƙi ne Musulmi zai sa a yi mana sauƙi. Har addu'a ya yi mana. Muka ba da sefa, muka ɗora garewani. Ba mu yi nisa da gari ba wutar firji ta fara tari, ta mutu. Na tsiyaya kananzir ɗin a kwalba, sai ga ruwa kwance a ƙasa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Bukar kuwa ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki don dariya.

"Allah mai iko! Shekara da shekaru danginku suna zuba mana ruwa a madara. Yau ga Bafillace an zuba masa a kananzir. Wallahi ko yanzu na koma gida, tafiyata ta biya."

Ban yi dariya ba. Na tace kananzir ɗin da ƙyalle, na gyara lagwani, wuta ta kama, magani ya tsira. Tun daga ranar ba na karɓar kananzir sai na zuba a kwalba na bar shi ya kwanta.

Daga Fallomi muka yi arewa, inda ƙasa ta koma rairayi, rijiyoyi suka yi nisa da juna. Ina ɗauke da tsintsiyata tun daga Roni, kuma duk inda za mu yi aiki sai na share wurin kafin in ɗora tukunyar tafasa allurai. Amma a rijiyoyin farko, da an hango ƙurar motarmu sai makiyaya su kora shanu su shige daji. Na yi mamaki, domin a ƙasarmu har roƙonmu ake yi. Sai da na sauka na bi wani dattijo a ƙafa, na gaishe shi da Fillanci, na tambayi lafiyar shanunsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya dace, sannan ya tsaya.

Ya ce, "Ɗana, mota ba ta taɓa kawo mana alheri ba. Mota ce take kawo masu haraji. A shekara ɗaya su zo, su sake zuwa, su kuma sake zuwa, kowane zuwa da sabon suna. Wanda ya ce ya riga ya biya, a tuɓe masa rawani a gaban 'ya'yansa a yi masa bulala. Yaran da suka ga an yi wa iyayensu haka, su ne suka shiga daji ɗauke da mashi. Da gwamnati ta kasa da su, sai ta kira Turawan da suka mulke mu a da, suka dawo da jirage. Yanzu mota biyu muke gudu."

Na ce masa tamu ta uku ce, kuma ba ta ƙirga saniyar kowa. Ya kawo 'yan maruƙa kaɗan don gwaji. Da ya ga na yi allura na yanke gefen kunne don shaida ban rubuta komai ba, washegari ya kawo garken duka, da na surukansa.

Watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin rayuwata. Labari ya riga mu zuwa kowace rijiya. Na ga shanu farare masu ƙahoni kamar tulu, waɗanda suke iyo a tafki kamar dorina. Mata suna kawo mana madara mai ɗumi da man shanu, maza su yanka mana ɗan akuya, a dafa shayi mai kauri a sha har sau uku. Bukar yakan tara yara da manya ya ce musu ni bawansa ne da ya saya da arha saboda rama, ya sa ni makaranta don in riƙa yi masa allura. Fulanin wurin su rama mini, su tambaye shi wace kyanwa ce ta yakushe masa fuska haka. A yi ta shewa, ni kuwa ina tafasa alluraina. Abin da ya dame ni kawai shi ne rashin dutse. Mutumin Roni ya saba ya buɗe ido ya ga duwatsu sun kewaye shi. A can kuwa ko tsakuwar jifan akuya babu. Wata rana na tsinci wani ɗan baƙin dutse a gindin rijiya, na sa a aljihu, ina shafawa in kewa ta taso. Bukar ya gani, kuma abin mamaki, bai yi mini tsiya a kansa ba.

Ranar da abubuwa suka juya, muna aiki da hantsi a wani ƙauye sai ga sojan Turawa a ƙafa, motarsu ta lalace a rairayi. Babbansu ya nuna motarmu, ya nuna Bukar. Na yi masa bayani da Turanci cewa motar aikin lafiya ce. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya sa aka sauke firjina a gindin wata aduwa, aka sa wa Bukar bindiga a ƙeya, suka tafi. A cikinsu akwai wani saurayi mai jan kunne, da ƙyar gemu ya fara fito masa. Kafin su tashi ya miƙo mini gwangwanin kifi, ya nuna mini hoton mahaifiyarsa. Da ɗan Turancin da yake ji, na tambaye shi sunan garin da za su. Bai sani ba. Na tambaye shi sunan mutanen da yake yaƙa. Ya ɗaga kafaɗa.

Na zauna gadin firji a gindin aduwar nan. Wata tsohuwa Bashuwa, wadda ba ma jin harshen juna, ta riƙa kawo mini tuwo da miyar kuɓewa busasshiya. Da ta lura ba na ci sosai, sai ta shiga gida-gida har ta samo ɗan ƙullin daddawa wurin wata Bahausa da aure ya kai can, ta jefa a miyar. Da ƙamshin ya bugi hancina, sai da na juya baya na gyara fuskata. Allah ya saka wa matar nan da Aljanna.

Bayan 'yan kwanaki Bukar ya dawo da motar shi kaɗai, leɓensa a kumbure, haƙoransa na gaba sun zube. Na wanke masa bakin da ruwan gishiri. Na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce sun sa shi ya kai su wata rijiya da aka ce 'yan tawaye suna shan ruwa, jirgi ya zo ta sama, su suka shiga ta ƙasa, aka harbe raƙuma, aka ƙone bukkoki, mutane sun mutu. Game da haƙoransa ya ce, "Bar wannan." Daga ranar Bukar ya yi shiru. Ya riƙa kirana Malam Sambo. Na sha roƙon Allah ya kawo ranar da mutumin nan zai kama bakinsa, amma da ranar ta zo, motar ta yi mini faɗi.

Muka ci gaba da aiki, domin bushiya ba ta san ana yaƙi ba. Ranar goma ga watan Cika-ciki, bayan sallar asuba, na idar da addu'a na juya sai na ga tsintsiyata a ajiye a gefen buzuna. Bukar yana tsugune yana hura wuta, bai dube ni ba.

Ya ce, da sabuwar muryarsa ta mai wawulo, "Yau ranar shara ce, bawana."

Wani sanyi ya ratsa zuciyata, amma na ce, "Ban taɓa yi ba, ba kuwa zan fara a ƙasar mutane ba."

"Za ka yi ne. Bawa ba ya wuce ranarsa."

Rana ta ɗaga muna kan hanyar wata rijiya sai mutane a kan raƙuma suka fito daga bayan tudun rairayi, fuskokinsu a naɗe, wasu da bindigogi, wasu da masu. Suka kewaye motar. Ɗaya daga cikinsu, dogo mai jajayen idanu, ya leƙa ya ga Bukar, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Suka fizgo shi, suka ɗaure masa hannuwa ta baya, suka tasa mu zuwa wani kwari mai itatuwan giginya inda suka yi sansani.

Shugabansu yana zaune a kan tabarma. Suna kiransa Ba Kyari. Dattijo ne mai furfura, da zanen Barebari a fuskarsa irin na Bukar sak. Ya yi mini magana da Hausa mai kyau, domin, kamar yadda ya faɗa, ya yi shekaru yana fataucin kanwa zuwa Nguru da Kano.

Ya ce, "Malamin allura, mun san aikinka. Ba mu da rigima da kai. Ɗauki motarka ka tafi, in ka iya tuƙi. Wannan kuwa namu ne. Harshenmu yake ji, zanenmu ne a fuskarsa, shi ne kuma ya ɗauko baƙi ya kai su rijiyarmu. Wancan mai jan ido da ka gani, ɗansa yana cikin waɗanda muka binne. Kafin azahar za mu gama da shi."

Na nemi izinin magana, ya ba ni. Na tsara hujjojina kamar yadda aka koya mini. Na farko, an sa masa bindiga a ƙeya, ni shaida ne. Na biyu, shari'ar Musulunci ba ta kama wanda aka tilasta. Na uku, kashe direba ba zai dawo da mamaci ba, kuma zai hana shanun talakawa magani. Na yi magana a natse, ban bar ƙofa ko ɗaya ba. Ba Kyari ya saurara har na gama.

Ya ce, "Malam, maganarka ta tsaru. Ni ma da can mai tsara magana ne. Na tsara ta a gaban mai haraji, aka tuɓe mini rawani. Na tsara ta a gaban babban jami'i, aka kulle ni. Na dawo na tarar jirgi ya harbe raƙuman da na tara tun ina saurayi. Dubi mutanen nan. Wancan maɗinki ne. Wancan mai haƙar rijiya ne. Babu wanda uwarsa ta haife shi da bindiga. Yau ba su da kunnen jin na farko da na biyu." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗan girgiza kai. "Bafillace ne kai, ko? Na gani a ƙafafun. Ku dama in ba a kan saniya ba, ban san kuna da dogon bayani haka ba."

Babu wanda ya yi dariya. Shi kansa bai yi nufin wasa ba, bakinsa ne ya bi hanyar da ya saba tun yana yaro. Amma ni na ji. Na dubi Bukar, yana durƙushe a rana, kansa a sunkuye. Shi Babarbare ne a hannun Barebari, ba shi da wasa da su. A duk kwarin nan mutum ɗaya ne yake da ikon ya taɓa Ba Kyari bai yi fushi ba.

Na juya na nufi mota. Na ji ana ɗana bindigogi a bayana. Ban waiwaya ba. Na buɗe baya na ɗauko tsintsiyata, na buga gindinta a tafin hannu don ta daidaita, na dawo gaban tabarmar shugaba, na naɗe hannun riga, na sunkuya.

Wurin ya yi ƙazanta ƙwarai, dole in faɗi gaskiya. Ƙwallayen dabino, kashin raƙumi, tokar shayi, ganyen giginya. Na fara daga gabas, na share, na tara, na kwashe. Sannan na dawo na fara jan layi, ina ja da baya. Da na iso bakin tabarma na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaga ƙafa."

Ya ɗaga. Ina jin bai san ya ɗaga ba.

"Ɗayar ma."

Wani daga baya ya tuntsire, ya toshe baki da rawani. Na ce wa masu bindigar da ke tsaye su matsa baya, suna tsaye a kan aikina. Suka matsa. Na kusa gamawa sai wani saurayi da ke cin dabino ya tofar da ƙwallo a tsakiyar layukana. Na miƙe na dube shi irin duban da malaminmu yake yi mana. Na je na tsince ƙwallon, na koma gabas, na sake daga farko. A nan ne dariya ta ɓarke. Maɗinki ya jingina bindigarsa da itace yana share hawaye. Ni ban ga abin dariya ba. Aikin da aka ɓata, sakewa ake yi.

Da na gama, fegin ya yi kyau, layi bayan layi, babu sawun ƙafa ko ɗaya. Na ajiye tsintsiya, na tsuguna a gaban Ba Kyari, na cire hulata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau goma ga Cika-ciki. Bawanka Bafillace ya yi shara. A biya shi."

Ya dubi sharar, ya dube ni. Sannan ya miƙe tsaye ya ɗaga hannuwa, ya yi wa mutanensa magana da Barbarci da ƙarfi, ya maimaita da Hausa don in ji. "Ku shaida! Tun kakannin kakanni muke faɗa musu, suna musu. Yau ga Bafillace mai ilimin Turawa ya amsa da bakinsa, a gabana, ni Kyari! Wallahi ko ban ci yaƙin nan ba, na ci wannan." Ya zauna yana haki don dariya. "Faɗi ladanka, bawana. Saniya ce, na sani. Ku ba ku san wani abu ba bayan ita."

"Ba na son saniya."

"To raƙumi."

"Ba na son raƙumi. Wancan gajeren mai wawulo nake so. Ba shi da wani amfani, ga surutu, ga rashin kiyaye lokaci. Amma shi na zaɓa."

Dariya ta ɗauke. Mai jan ido ya matso yana magana da zafi, yana dukan ƙirjinsa. Ba Kyari ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kallon layukan da na ja a ƙasa.

Ya ɗago ya ce, "Ka ɗaure ni, Bafillace. Na ce a shaida, an shaida. In na hana ka lada, na sauka daga ubangida, gobe a ce Babarbare ya ci ƙwadagon bawansa." Ya juya ga mutanensa. "Abubuwa da yawa sun ƙone mana. In wannan ma ya ƙone, me za mu koma gida mu tarar? Ku kwance shi."

Ana kwance igiyar sai mai haƙar rijiya ya yi gyaran murya. Ya ce shi yana wurin ranar da aka zo. Tun motar tana nesa ya ji ana danna oda ba ƙaƙƙautawa, kamar direban ya haukace, kuma wannan ƙarar ce ta sa mata suka kwashi yara suka shige cikin tuddai kafin jirgi ya iso. Ya ce ya daɗe yana son ya faɗa, amma tun safe babu fuskar da za a faɗa wa. Kowa ya dubi bakin Bukar. Sai a lokacin na san dalilin da ya sa sojojin suka zubar masa da haƙora da gindin bindiga.

Mai jan ido ya juya baya. Ya ɗauki mashinsa ya tafi bayan itatuwa ya zauna. Bai yafe ba, ban kuwa ga laifinsa ba.

Ba su bar mu mun tafi ba sai da aka yanka rago, domin ranar cika ciki ce, kuma sai da na yi wa 'yan shanun da suka rage musu allura. Bukar yana zaune kusa da ni, riƙe da kofin shayi bai kai shi baki ba. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Malam Sambo." Na ce, "Sha shayinka." Ya kurɓa. Can ya sake sunkuyowa.

"Amma fa ka amsa. A gaban shaidu."

Na ce, "Na amsa wa Ba Kyari. Kai kuwa ladan shara ne. Abin da aka ba ni ke nan a maimakon saniya, kuma an cuce ni."

Ya yi dariya har shayi ya fito masa ta wawulo. Wannan ne wasa na farko da na yi a rayuwata, kuma na lura an karɓe shi da kyau.

Mun ƙarasa aikin shekarar muka dawo gida. Ban sake ganin Ba Kyari ba. Ba zan mai da shi waliyyi ba: na ji daga baya mutanen daji sun ƙone ɗakunan shan magani, sun kashe malaman makaranta, sun kuma juya wa juna bindiga, wasu sojojin baƙi suka tafi, wasu suka zo. Wanda ya kashe marar laifi ya yi ta'addanci, ko daga kan raƙumi ya yi, ko daga cikin jirgi. Amma jikokina sun tambaye ni tushe. A aikina, in cuta ta ɓulla a garke, ba na fara da harbin shanu. Nakan tambayi inda suka sha ruwa. Mutanen da na gani a kwarin nan sun sha a wurin mai haraji da bulalarsa, sannan suka sha a wurin baƙon soja da bai san sunan garinsu ba. Duk rijiyar da aka ƙone, washegari sansanin daji ya ƙaru. Na kuma ga cewa maɗinki yana nan a cikin mai bindiga, bai mutu ba, kuma abin da ya fito da shi ranar nan abu ne na gida, wanda shi da ni muka gada. Babu jirgin da ya san hanyar wurin.

Bukar yana nan da ransa a Babura. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, bakinsa kuwa lafiya lau. Tsintsiyar bana ta iso shekaranjiya a bayan babur, tare da saƙon baki cewa a gaya wa bawansa rana ta zo. Na duba ta da kyau. Kabar ba ta bushe sosai ba, ɗaurin kuma sako-sako ne, in aka yi shara biyu za ta watse. Ba zan karɓi irin wannan aiki ba. Na sa a nemo mini mota gobe da safe. Zan mayar masa da ita da kaina, in zauna in nuna masa yadda ake ɗaure tsintsiya, ko da abin zai ɗauke mu kwana biyu.